Kunnuwan Waziri a Faranti

Jiya da yamma na buɗe ƙofar flat ɗinmu a unguwar Deira, nan ƙasar Larabawa, sai ga maƙwabciyata Bayahudiya sanye da kambin sarauniya na kwali, riƙe da farantin biskit masu kusurwa uku. 'Yata Hanifa ta laɓe bayana, tana jiran ta ga ko zan karɓa.

"Malama, yau bikinmu na Purim ne," in ji matar. "Ga kunnuwan waziri."

"Wane waziri kuma, baiwar Allah?"

Ta ce a tsohuwar Farisa wani waziri ya jefa ƙuri'a don zaɓen ranar da zai hallaka Yahudawa, sai sarauniya, wadda 'yarsu ce, ta tona masa asiri gaban sarki.

"Da gaske hakan ya faru?"

Ta tuntsire da dariya. "Habibti, ƙawata, masana tarihi har yau gardama suke. Mu dai muna cinye kunnuwan."

Na karɓa da hannu biyu. Kullum ina koya wa ɗalibaina haƙƙin maƙwabci, ba zan gaza a gaban 'yata ba.

Hanifa da kanta ta mayar da farantin cike da dambun nama, don mu ba ma mayar da faranti wayam.

Ku fa, me za ku zuba mata?