Maiwada Mai Geti da Takardun Ƙosai

Waɗanda suka san Minna a farkon shekarun tamanin za su tuna getin jirgi, inda titin mota ya ratsa layin dogo. A gefe akwai 'yar bukkar kwano, da benci, da tutoci ja da kore. Maiwada ke zama a ciki. Rumfata ta gyaran keke tana tsallaken titi, don haka kullum ina ganinsa, ko da yake ba mu cika hira ba.

Kakansa aikin reluwe ne ya kawo shi garin, jikan ma a nan ya tsaya. In ya ji kukan jirgi sai ya sauke ƙarfe ya tare motoci, jirgi ya wuce, ya ɗaga. Tsakanin jirgi da jirgi kuwa, daga shi sai benci.

Matarsa Barira ta rasu ta bar masa yarinya, Larai, ba a daɗe da yaye ta ba. Yayar marigayiyar, Jummai, ta tafi da ita Kuta. Da ya je neman 'yarsa sai ta ce, "Baban Larai, ina za ka ajiye ta? A bukkar geti? Yau kana aikin rana, gobe na dare, ɗakin ma da gwauraye kuke rabawa. Ka samu ɗakinka da aikin da za ka riƙa kwana gida, ni da kaina zan ɗaure mata kaya."

Ya ce, "To, Yaya."

Aikin da ke zuwa da ɗaki a kwatas shi ne na akawun tikiti, kuma ba a ba mutum sai ya ci jarrabawar Turanci, karatu da rubutu. Maiwada ya yi firamare, amma karatun da ya shiga jikinsa na allo ne. Ya sayo littafin tsofaffin tambayoyi a kasuwa, ya kama shi yadda malaminsa ya koya masa: ya ɗauki shafi ya yi ta maimaitawa yana rangaji, sai ya zauna daram sannan ya wuce gaba. Da safe ya yi tilawar na jiya. Har insha'i ya haddace, na ranar kasuwa da na ruwan farko. In iska ta juyo, nakan ji muryarsa kamar ta mai shirin saukar Alƙur'ani.

Ranar jarrabawa ya dawo da la'asar ya zauna, bai cire takalmi ba. Na tsallaka na tambaye shi.

Ya ce, "Ba su kawo ko ɗaya ba. Labarin wani kifi suka kawo. Kalmomin na san da yawa. Ina ta jiran in iso inda na sani, har aka ce a ajiye biro."

Shekara ta kewayo, ya haddace wani littafin. Sakamako bai canja ba. Haka aka yi ta yi, har a Kuta aka sa Larai a makaranta.

A daminar nan ne wata mutuniyar Gwada, Christiana, ta kafa kaskon ƙosai kusa da geti, saboda masu motar da ke tsayawa. Da tsofaffin jaridu take naɗi, tana yaga su gida-gida. Wata safiya ta ga Maiwada yana shafe takardar da ta naɗa masa, yana ƙura mata ido.

"Mai geti, ƙosai ka saya ko takarda?"

"Duka biyun na biya."

"To me ya ce, takardan?"

Ya fara karanta mata da Turanci. Ta kaɗa masa cokalin suya. "Ni ban ji wannan ba. Faɗa mini da Hausa, maina yana ƙonewa."

Ya sake duba takardar, ya daɗe. Can ya ce, "Wata gada ce ruwa ya cinye. Mutane suna tsallakawa da kwalekwale."

"A ina?"

"An yage wurin."

Ta yi dariya har ta dafa gwiwa. "Malamin rabin labari!"

Daga ranar ya matso da bencinsa kusa da ƙunshin jaridunta. Yakan ɗauki ta sama ya karanta kafin hannunta ya iso. Da ya so maimaitawa sai ta fizge. "Ba ni, mai mota yana jira!" Takarda ta tafi Zungeru da ƙosai a cikinta, ita kuwa tana nan tana tambaya, me ya ce? Da farko abin ya dame shi. Ya ce mata karatun da ba a maimaita ba ba karatu ba ne. Ta ce ita dai ba ta da takardar aro.

In ta tashi da hantsi sai ya samu takardar buhun siminti ya rubuta abin da ya faɗa mata da nasa Turancin, inda aka yage ya cike da abin da ya ga ya dace. Ba mai duba masa. Washegari ya miƙa mata ta hura wuta.

Da damina ta wuce, Christiana ta tafi gida haƙar doya, ta bar masa sauran ƙunshin. Ba ta dawo ba. Duwatsun murhunta suka zauna a wurin, baƙi ƙirin. Ya ci gaba yadda suka saba: ya karanta sau ɗaya, ya kife takardar, ya juya wajen murhun ya faɗi abin da ke ciki. Daga tsallake nakan ga bakinsa yana motsi, wani lokaci har da nuni da hannu.

A ƙarshen shekarar ya ci jarrabawar. Ba da yawa ba, amma ya ci. Bayan wasu watanni aka ba shi tagar tikiti da ɗaki. Ya sayi tabarma biyu, da ƙaramin bokiti, da takalmin makaranta, ya hau motar Kuta.

Shi kaɗai ya dawo. Sai da aka kwana biyu, ina liƙe masa tayar keke, ya ba ni labari yana kallon titi. Jummai ba ta saɓa alkawari ba, har kayan ta ɗaure. Larai ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa. Sannan ta koma bayan Jummai ta riƙe gefen zanenta, ta ce a hankali, "Inna, baƙon nan zai kwana?"

Ya ce ya shanye ruwan, suka taɓa hirar hanya. Sai ya ce wa Jummai a bari yarinya ta ƙarasa ajinta tukuna.

Ta ƙarasa shi, ta ƙarasa na gaba. Duk hutu yakan je da burodi. Takalmin ban san wa ya ba ba. Sai da Larai ta samu sakandaren kwana a nan Minna ta fara taka ɗakin, ran da aka bar su fita. Tun da safe yakan share, ya warware tabarma ta biyu. Ta zauna a bakinta, ta ce masa Baba, ta amsa duk abin da ya tambaya. Kafin la'asar ya raka ta ƙofar makaranta, ya dawo ya naɗe tabarmar ya jingina a lungu.