Ja Saripa Mai Dashen Ciyawar Teku

A tsibirinmu na kudancin Tailan, idan ruwan teku ya janye, za ka hango wata tsohuwa duƙe a cikin taɓo, ita kaɗai. Ja Saripa ke nan. A wurinmu Ja ake ce wa mace babba, Bang kuma namiji babba, kamar a ce Yaya.

A da su huɗu ne. Tun suna 'yan mata suke fita tsintar dodon koɗi cikin ciyawar da ke tsira a ƙasan ruwa. Ciyawar kan kai gwiwa, ayu kuma na zuwa kiwo har kusa da su, suna jin hucinsa. Sai ciyawar ta soma baƙi, ta ruɓe, dodon koɗi ya ɓace. Wasu suka ce ruwan ne ya yi zafi, wasu suka ce lakar da jiragen yashe hanyar ruwa suka zubar ce. Ƙawayenta biyu suka bi 'ya'yansu birni, ta ukun, Ja Rokiyo, ta rasu da azumi.

Saripa ta shiga tono 'yar ciyawar da ta rage a bayan tsibiri tana dasawa a tsohon wurinsu. Bang Usen mai shayi kan tsokane ta idan ta wuce da bokiti.

"Ja, yaushe za a yanke shinkafar taki?"

"Ranar da shayinka ya yi daɗi, ɗan nema."

Igiyar ruwa ta tumɓuke dashen farko. Na biyu ma haka.

Wata safiya teku ya turo gawar ayu bakin gaɓa, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje. Ma'aikatan dabbobi suka buɗe cikinsa, babu komai. Gari ya tafi kallo, Saripa ta rufe ƙofarta. Da yamma ɗanta Yakob ya bugo waya daga birnin Fuket.

"Ma, ki taho wurinmu. Wa ya rage miki a can?"

"Babu kowa," ta ce. "Shi ya sa."

Ta koyi ɗaure saiwar a jikin tsinken gora kafin ta binne. Bana wani ɗan fili mai faɗin tabarmar salla ya kama, ya yi kore shar. Ba wanda ta faɗa wa. Ni ma bisa kuskure na kusa taka shi, ta daka mini tsawa daga nesa, sannan ta kira ni gida ta dafa mini kifi, ta riƙe ni da hira har aka kira magariba.