Don Evaristo, Sun Goge Maɓalli na Ɗaya

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, 'yarka Graciela ta shigo gidan rediyonmu idanunta jajir, ta ce mini ka cika a asibitin gari bayan 'yar gajeruwar jinya. Don Evaristo Ñancufil, kamar yadda muke kiranka don girmamawa, direban da ya fi kowa daɗewa a kan hanyoyin karkarar lardinmu na Chubut, ka riga mu gidan gaskiya. Ni Nélida, da na tsufa ina karanta saƙonnin mutanen karkara, ni na karanta naka. Ban taɓa karanta saƙon da aka wulaƙanta kamarsa ba.

Ka fi kowa sanin cewa da an bar gari waya ta zama dutse a aljihu. Haihuwa, rasuwa, zuwan masu askin tumaki, duk ta bakinmu suke isa gidajen makiyaya. Shi ya sa da lokacin saƙonni ya yi kake gangarawa gefen hanya, ka zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayinmu na mate, ka kama murɗa tsohon rediyon a-kori-kurarka a hankali, har ka tsamo muryata daga cikin shuu. Fasinja ya yi ta ƙorafi, ko a jikinka. Ranar da na karanta cewa matar wani makiyayi tana naƙuda ba mota, da lodin ulu ka juya cikin ƙanƙara ka ɗauko ta. Yaron da aka haifa ranar, shi ma Evaristo aka sa masa. Aljihun motarka ba ya rabuwa da batiran rediyo, kana raba wa tsofaffi, in an tambayi kuɗi ka ce a bari sai tumaki sun haihu. Ni ma ban tsira daga bakinka ba. Kana shigowa gari sai ka leƙo ka ce mini na karanta sunan wane kamar mai tauna tsakuwa.

Sai ga shekarar da ƙungiyar direbobinku ta cire tsofaffin rediyoyi daga motocinta ta sa sababbi, masu allo da lambobi, waɗanda ke laluben tasha da kansu. A yi maka adalci, ba ka ƙi su ba. Kai da bakinka ka ce sautin ya fi fita. Abu ɗaya ka gano tun tafiyar farko: in rediyon yana lalube, tsallake tasharmu yake yi, saboda a can nesa muryarmu ba ta da ƙarfi. Ka kai maganar gaban shugaban ƙungiya, ya yi dariya.

"Haba Baba, zamani ya wuce ka. Wannan da kansa yake nemo tasha, ba sai ka yi ta murɗa kamar mai tatsar akuya ba."

"Mai babbar murya yake nemowa," in ji ka. "Mu kuwa a cikin shuu muke zaune."

Ba ka tsaya jayayya ba. Da tsufanka ka zauna da tabarau ka koyi shigar da lambar tasharmu da hannu, ka bi motocin ɗaya bayan ɗaya kana ajiye ta a maɓalli na ɗaya. An cire batirin mota, rediyo ya manta, ka sake sawa. Samarin direbobi sun goge sun sa tashar kiɗa, ka sake sawa. Har suna suka laƙa maka, wai Baba Maɓalli, suna kwaikwayon yadda kake sunkuyawa. Kai dai roƙonka ɗaya, su danna shi lokacin saƙonni, in an gama su koma kiɗansu. Da ciwo ya kwantar da kai, ba a sami mutum ɗaya da ya karɓi wannan ɗan aikin ba.

Graciela ba ta roƙi komai ba ranar rasuwarka sai a ɗauko yayarka, Doña Eufemia, wadda ta raine ka bayan mutuwar mahaifiyarku. Gidanta yana bayan tudun Cerro Bayo, sai an ratse daga babbar hanya. Shugaban ƙungiya ya ce ba sai an tashi mota daga gari ba, ai motocinsu suna can wajen, za su ji a rediyo. Ku ji fa, a rediyo. Na karanta da rana, na karanta da yamma, na sake karantawa washegari da safe:

"Ga Doña Eufemia Ñancufil a Cerro Bayo. Ƙanenki Evaristo ya rasu, jana'iza ranar Alhamis da yamma. Duk motar da ta bi ta hanyar, don Allah ta ratse ta ɗauko ta."

Eufemia ta ji, da batirin da kai ka kai mata. Ta sa baƙaƙen kaya, ta rufe garken tumaki, ta ƙulle burodi a tsumma, ta zauna a bakin ƙofa. Tana hango motocin ƙungiyarku suna wucewa can a babbar hanya, babu wadda ta rage gudu. Mu kuma muna maƙabarta, Fada, limamin coci, yana ta jan addu'a yana waiwayen ƙofa, har rana ta yi ƙasa sanyi ya kore mu. Haka aka rufe ka babu ita. Su kuwa direbobin sun iso ana watsewa, riƙe da furanni, suna cewa wallahi ba su ji saƙon ba. Ina za su ji? Ba rediyon nake zargi ba, ƙarfe ne, abin da aka sa shi yake yi. Yatsa ɗaya aka nema a wurinsu, suka kasa.

Ranar Asabar wani mai sayen ulu ya kawo ta gari. Daga maƙabarta ta zarce gidan rediyo, ƙullin burodin yana hannunta. Na miƙe ina neman kalmar haƙuri, ta dakatar da ni.

"Zauna, 'yata. Kin karanta da kyau, na ji ki sarai. Ni ma saƙo na kawo."

Na tambaye ta ga wa, ta ce gare ka. Na karanta shi da yammar nan kamar yadda ta faɗa: "Evaristo, ban ƙi zuwa ba. Tun da na ji na shirya, mota ce ba ta ratso ba." Ban san yadda na kai ƙarshensa ba. Amma raina ya ba ni ka ji, don ba ka taɓa kuskure lokacin saƙonni ba.

Allah ya jiƙanka, Don Evaristo, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka samu a kan hanya ba. Ya saka maka bisa kowace ratsewa da ka yi domin wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Doña Eufemia, da Graciela da 'ya'yanta, da makiyayan da suka rasa kunnensu a kan hanya. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Ku kuwa direbobin ƙungiya, ban sa ku cikin ta'aziyyar nan ba. Ko na karanta muku ita, ba za ku ji ba.