Fenti a Kan Maiƙo

Man gyaɗa ne ya kama a kasko ina suyar doya, a kicin ɗinmu na Akurba. Kafin in jawo murfi in rufe, maƙwabciyarmu ta shigo da bokiti ta sheƙa masa ruwa. Wutar ta yi tsalle ta kama silin. Allah ya taimaka mutanen layi suka kashe ta da yashi, ba wanda ya ƙone, amma hayaƙi ya bi ta sama ya shiga kowane ɗaki, ya bar baƙin maiƙo a bango, in ka taɓa sai ya manne maka a yatsa. Maƙwabciyar na yafe mata tuni, ruɗewa ce ta sa ta. Wanda har yau ban yafe wa ba shi ne yayana.

Mahaifiyarmu tana da asma. A ranar ƙanwarta ta zo ta tafi da ita Assakio, a kan za ta dawo da zarar warin ya fita. Mama ba ta son kwana a gidan kowa. A gidan nan ta haife mu, a nan ta yi takabar Baba. Ana sa ta a mota ta riƙe hannuna ta ce kar in bari ta daɗe.

Na fara aiki. Ruwan zafi, garin sabulu, soso, bango ɗaya bayan ɗaya. Labule na zubar, katifu na fitar rana. Niyyata in na gama wanki a ɓalle silin gaba ɗaya a sa sabo, don can ƙaurin ya maƙale.

Sai ga Yaya daga Abuja, da farar shadda, yana toshe hanci tun daga ƙofar gida. Abin da ya dame shi ba Mama ba ce, 'yan jaje ne. A danginmu in abu ya sami gida ba a jaje ta waya. Rana ake sawa, a cika mota a taho, a zauna a ga ɓarnar da ido. An sa Asabar. Yaya ya ce ba za a zo a tarar da gidan ubansa kamar rumfar mai tsire ba.

"Yaya, jaje fa za su zo, ba biki ba. Ai baƙin hayaƙin za su zo gani."

"Ke ba ki san mutane ba. Ni za a zaga."

Ya kawo mai fenti. Na ce wa mutumin bangon nan maiƙo ne, a bari in gama wankewa. Ya dubi Yaya, ya dube ni.

"Anti, ba wahala. Fenti zai rufe shi duka. Oga ya ce mu yi shap-shap."

Na yi magana har muryata ta dushe. A gidanmu in babban wa ya yanke, magana ta ƙare, ko da kuwa bai san inda ake ajiye ashana ba. Suka shafe bango, suka shafe silin ɗin da ya sha hayaƙi, fari tas. 'Yan jaje suka zo, suka ci shinkafar da na dafa a tsakar gida kan gawayi, suna ta cewa ashe wutar ba ta yi ɓarna ba, Allah ya yi wa Yaya albarka. Ba wanda ya kalli hannuwana da sabulu ya cinye. Washegari Yaya ya koma Abuja abinsa.

Muka dawo da Mama. Da safe lafiya lau, warin fenti kawai. Da rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi, sai ƙauri ya sauko daga silin kamar yanzu aka kashe wutar. Daga tsakar gida na jiyo numfashinta yana sarƙewa. A keke-napep na kai ta asibiti, daga asibiti kuma sai Assakio, don likita ya ce kada ta sake kwana a ɗakinta.

Kafin damina ta wuce fentin ya koma ruwan ɗorawa, ya kumbura, yana ɓarewa. Aiki ya zama biyu, a kankare fenti sannan a wanke maiƙon da ke ƙasa. Ni kaɗai, bayan na taso daga shago, da guntun ƙarfe a hannu. Ina kankarewa ina zagin Yaya a zuci, wani lokaci ma a fili. Na sa kafinta ya ɓalle silin, ban nemi izinin kowa ba. Sai da aka shiga wata shekara ɗakin ya daina wari.

Na tafi Assakio da murnata. Na sami Mama zaune a ƙofar ɗakin ƙanwarta, ta rame. Ta saurare ni har na gama.

"'Yar nan, bar ni a nan. Rannan na ga mutuwa a ɗakin can. Ba zan iya rufe ido a cikinsa ba."

Na roƙe ta, na yi kuka, ta ce in kawo mata akwatinta kawai.

Na kira Yaya na gaya masa, ina jira in ji ko kalma ɗaya ta nadama. Ya ce to, tunda ɗakin ya gyaru kuma ba kowa a ciki, in nemo ɗan haya.