Haƙora Takwas da Ban Binne Ba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tun bayan ƙaramar salla nake cewa zan rubuta wannan magana, sai kunya ta kama ni. Mutane suna fama da manyan abubuwa a garin nan, ni kuma in zo musu da zancen haƙori? Iyakar karatuna firamare, hannuna ma bai saba da dogon rubutu ba. Amma abin ya ƙi barin zuciyata, shi ya sa yau na zauna.

Igiya nake sayarwa a Kasuwar Shanu, gidana kuma yana unguwar Galtimari a nan Maiduguri. Goro da ciwon suga suka cinye mini baki a hankali, har ya rage saura haƙora goma sha ɗaya, duk suna girgiɗi. Likita ya duba ya ce babu wanda zai tsira. Za a cire su a zuwa uku, in dasashi ya warke a yi mini na roba.

Zuwan farko aka cire huɗu, bayan sati biyu aka ƙara cire huɗu. Ban ji zafi ba saboda allura, amma ina jin ƙarar kowanne idan ya faɗa cikin ɗan kwanon ƙarfe da ke gefen kaina. Nas ɗin da ke taimaka wa likita, wata mata ce mai haƙuri daga kudancin Borno, ta sa mini auduga ta ce in cije, kada in tofa yawu, kada in kurkure baki sai gobe. Nan hankalina ya tafi gaba ɗaya. Yaya zan yi alwala? Abin da nake ta juyawa ke nan a cikin keke napep har gida. Duka sau biyun ko waiwayar kwanon nan ban yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya kunu ne da koko mai sanyi, sai ruwan ɗumi da gishiri bayan kowace salla. Kumatuna suka kumbura, sannan suka lotsa. Mai ɗakina tana tsokanata wai Allah ya ba ta jariri da tsufanta, ina so in yi dariya baki ba ya bari.

Wata Juma'a da hantsi na zauna yanke farce. Na tattara su a tafin hannu kamar yadda na saba, na nufi gindin darbejiyar tsakar gida don in tona in binne. Haka mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta koya mana. Ta kan ce duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam yana da alfarma, ba a haɗa shi da shara. Gashin aski, farce, har haƙoranmu na yarinta, da hannunta ta binne su. Ina durƙushe da farce a hannu sai na tuna kwanon ƙarfen nan. Shekara sittin ban yar da farce ɗaya ba, ga shi na baro haƙora takwas a hannun mutane ban ko tambaya ba.

Ranar Litinin da sassafe ina asibiti, alhali ba ranar zuwana ba ce. Na samu nas ɗin na yi mata bayani, magana tana fita da ƙyar. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce irin waɗannan ana zuba su ne tare da audugar jini da allurai, mota ta zo ta kwashe a kai a ƙone. Na tambaye ta ina ake kaiwa, ta ce wallahi ba ta sani ba, ba ɓangarensu ba ne.

"Baba, da ka faɗa ranar, da na ƙunshe maka," in ji ta.

Wannan magana ita ta fi komai yi mini ciwo, don gaskiya ce. Ba wanda ya hana ni. Ni ne ban nema ba.

A zuwa na uku, tun kafin in zauna nas ɗin ta ajiye ƙyalle mai tsabta. Ukun ƙarshe ta wanke su ta naɗe ta sa mini a aljihu. Na binne su a gindin darbejiya, na bar wuri a gefensu, ban san dalili ba.

Na kai maganar wurin limamin unguwarmu. Ya ce binnewa abu ne mai kyau amma ba wajibi ba, babu zunubi a kaina, kuma wanda ya halicce su ya san inda kowane ɓarɓashi yake. Na yarda da shi. Ya ƙara da cewa in yi hattara da waswasi. Wannan ma na yarda, don na san halina: ni ne mai komawa ya duba kwaɗon rumfa sau uku. Sai dai yarda daban, kwanciyar rai daban.

Yanzu wata huɗu ke nan ina da haƙoran roba. Da farko sun yi mini gyambo a dasashin ƙasa, sai da aka kankare gefe sau biyu. Nas ta koya mini kula da su: a wanke da burushi mai laushi, a saman kwano mai ruwa don kada su faɗi su fashe, ban da ruwan zafi, in za a kwanta a sa su cikin kofi. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ina iya cin burabusko, har da nama in ya dahu luguf. Mutanen kasuwa suna cewa na koma saurayi.

To, a wajen wankin ne abin yake taso mini kullum. Ina riƙe da roba kamar ƙwai, ina bi saƙo-saƙo, ina tsoron kada ta tsage. Amma haƙoran da Allah ya ba ni, waɗanda suka tauna mini abinci tun ina yaro, na bar su cikin shara. Wani lokaci sai mai ɗakina ta ga na tsaya da burushi a hannu, ta ce, "Malam, ruwan ya ishe su haka." Ta san inda hankalina ya tafi.

Ba ƙarar kowa nake kaiwa ba, kowa aikinsa ya yi. Roƙona ga mai karatu shi ne, idan kana aikin kwasar sharar asibiti a Maiduguri, ko ka san mai yi, ka taimaka ka sanar da ni ta hanyar da wannan rubutu ya iso gare ka. Ina ake ƙonawa, ina ake zuba tokar? Haƙori yana cinyewa a wuta, ko yana saura? Ana rufe wurin da ƙasa, ko a fili ake bari? Idan ana rufewa, ina ganin zan iya haƙura.