Gaisuwar da ta cinye min minti uku

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da ƙanwarku, ban saba magana a gaban manya ba, amma yau abin ya fi ƙarfina.

Ɗazu na ajiye waya na fashe da kuka. Wata jami'a a Thailand ta ba ni gurbin karatu, da sharaɗin sai na ci jarrabawar farko ta yarensu. Wata uku ina koyo ta waya daga nan Wudil. Yau aka yi ta baka, minti uku kacal.

Da fuskar malamar da za ta yi min jarrabawar ta fito a wayata, na kasa fara amsa tambaya ban gaishe ta ba. Na sunkuyar da kai, na tambayi kwananta, da aiki, da gajiya, da mutanen gida, duka a cikin yaren nasu da na haddace da ƙyar. Tana ta nuna min agogo. Tambaya ɗaya na amsa cikin biyar.

Umma ta shigo ta ce, "Kin dai gaishe ta da kyau ko?"

Na ce, "Umma, gaisuwar ce ta kayar da ni."

Ta ce, "Wace irin makaranta ce wannan, da ake faɗuwa don an gaida babba?"

Dama ɗaya ta rage min, ranar Laraba, kuma wallahi ban san yadda zan kalli babba in ce sannu kawai in wuce ba.

Yayyena, ya ake yi? In kun ba ni izini, zan sake kawo muku damuwata, don a gida ba wanda ya gane.