Kafso da Nonon Goggo

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe mini ciwon ƙirjin da ya kwantar da ni a Gummi a farkon shekarun tamanin ba, da ƙwaryar nonon da ta kusa raka ni lahira don tsabar ƙauna.

Ina saurayi a lokacin, ga ƙarfi ga taurin kai. Mun daɗe muna yankan shinkafa a fadama, cikin ruwa har gwiwa, na dawo gida da tari. Na ce mura ce. Kafin a ankara zazzaɓi ya rufe ni, in na ja numfashi sai in ji kamar ana soka mini tsinke a haƙarƙari. Inna ta sa aka ɗora ni a kan jaki zuwa ɗan asibitin gari. Malamin asibitin ya saurari bayana, ya ce ƙwayoyin cuta ne suka kama huhu. Ya ba da kafso masu ja da ruwan ɗorawa, ya ce a sha a kan lokaci, da ruwa, kada a haɗa da nono, kuma a shanye duka. Ni dai ina jin muryarsa can nesa, kamar daga cikin rijiya.

Inna ta ji shi sarai. Amma a gidanmu tun kaka da kakanni ba a ba majinyaci magani mai ɗaci haka kawai, a cikin fura ake ɓoye shi. Ta ɗauka malamin yana nufin nonon kasuwa ne, wanda aka tsuga wa ruwa. Namu kuwa na Goggo ne.

Goggo Bafulatana ce daga wata ruga a ƙetaren gulbi, aminiyar Inna tun suna amare, wannan ta ba da gero, waccan ta ba da nono. Da ta ji ina kwance, kullum da hantsi sai ga ta ta ƙetaro a kwalekwale, ƙwarya a ka, an rufe da faifai. Inna ta ɓare kafso, ta zazzage garin a fura, ta dama da kindirmo mai kauri. Goggo ta tallabe mini kai tana cewa, "Sha, ɗana, sha. Wanga na jar saniyata ne, ko Ardo bai samu ba."

Ni kuwa sai in sha, in koma inda na fito. A kwanakin nan ban san iyakar barci da farke ba. Da rana tsaka nakan ga gulbi ya shigo ɗaki a hankali, ya ɗaga tabarmata, muna tafiya. Fararen shanu suna takawa a kan ruwa ba sa nutsewa, balbelu na binsu, shinkafar da muka yanke ta sake tsayawa kore shar. A ɗaya gaɓar akwai wata inuwar tsamiya mai sanyi, kullum tabarmar tana ƙara matsawa kusa da ita. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, daɗi ma nake ji. Sai yanzu, in na tuna da inuwar nan, tsikar jikina ke tashi.

Maganin ya yi rabi, ni kuwa sai ƙara zubewa nake. Aka aika wa malamin asibitin, ya zo a kan kekensa, ya yi sallama daidai lokacin da Inna ke zazzage kafso a ƙwarya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo.

"Inna, kullum haka kike ba shi?"

"Awo, Malam. Mi ad da shi? Nono na mai kyau, ba na kasuwa ba."

Bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya ce irin wannan kafson, in ya haɗu da nono a ciki, sai nonon ya riƙe shi, ya hana shi shiga jini, ya fita yadda ya shiga. Da mai kyau da marar kyau duk ɗaya ne, haka ma kunun kanwa. Ya ce wani maganin ba ruwansa da nono, kowanne da ƙa'idarsa, shi ya sa ake tambaya.

Duk da zazzaɓin da nake ciki, na ga fuskar Goggo. Ta janye hannunta daga kaina a hankali, ta dube shi ta ce, "Malam, ke nan ni ka kashe shi?" Wallahi har yau in na tuna muryar nan sai tausayi ya kama ni.

"A'a, Goggo," in ji shi. "Nononki ne ya riƙe masa ƙarfi da ba ya cin komai. Raba su kawai za mu yi, har magani ya ƙare."

Ta gyaɗa kai. "Mu ma muna raba maraƙi da uwa tai," ta ce. "Ba ƙiyayya ba ce."

Ya ba da sababbin kafso, aka fara daga farko. Na zaci Goggo ta yi fushi ba za ta dawo ba. Washegari da hantsi sai ga ta, kai ba ƙwarya. Ban taɓa ganin kanta haka ba, sai ta yi mini kamar wata baƙuwa. Ta zauna, ta cika moɗa da ruwa, ta sa na haɗiye kafson ɗungurungum, ta tsare ni da ido har na shanye ruwan. Haka ta yi ta ƙetaro gulbi hannu biyu, ba ta ɗauke da komai, ita da ko gaisuwar mutuwa ba ta zuwa ba nono.

Sannu a hankali gulbin ya daina shigowa ɗaki. Tabarma ta tsaya a ƙasa, na fara jin ƙamshin tuwo. Da Inna ta ga na zauna har ina tsokanarta, sai ta ƙulle sauran kafson a tsumma, wai a ajiye don wata rana. Goggo ta fizge ƙullin. "Ke, ba ki ji abin da Malam yac ce ba? Ni na bar nonona, ke ba ki iya barin rowa?" Inna ta yi dariya har da hawaye, ta sakar mata.

Kwana ɗaya bayan na haɗiye na ƙarshe, na fita bakin gulbi da ƙafata. Can na hango kwalekwale, da wata doguwar mace a tsaye, ƙwarya a ka. Na murza ido don in tabbatar ba mafarkin ba ne ya dawo.

Tun daga lokacin ba a taɓa miƙo mini magani ban tambayi da me ake sha, da kuma yaushe ake dainawa ba. Jikokina har dariya suke mini. Ba su san cewa na ga matar da ta fi kowa kyauta ta koyi zuwa hannu biyu don in rayu ba.